Moɗar Bawa Helma

Duk wanda ya ci lebura a hanyar Kalgo a shekarun nan ya san Bawa Helma, kuma ba da alheri ya fara saninsa ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya daka tsawa a bakin ramin marmara har jakan da ke can fadama sai sun ɗaga kunne. Helma dai shi ne shugaban leburori, shi ke raba aiki, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a zauna, sai dai Bawa bai cika cewa a zauna ba. Leburori kan ce in mutum ya faɗi a gabansa, kwanon sarkin da ke kansa zai fara dubawa ko ya lotse. Sharri suke masa, amma ba duka ne sharri ba.

A bazarar 1953 ana zuba marmara a hanyar da ta fita daga Kalgo ta nufi Jega, ana sauri a gama kafin azumi da ruwan sama su tsayar da aiki. Hannu ya yi kaɗan, sai aka aika ƙasar Gwandu neman ƙarin mutane. Wata safiya suka iso, 'yan Maruda da Malisa da Ceberu, kowa da tabarmarsa a naɗe da ɗan ƙunshin gari. Bawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kafaɗu, har ya zo kan wani dogon saurayi siriri da sanda a wuya irin ta makiyaya. Nan ya tsaya cak. Goshin Rahmatu ne, babu ko tantama.

Rahmatu ita ce matarsa ta fari, 'yar Fulanin Ceberu masu noma da kiwo. Shi Bahaushe ne ɗan cikin garin Gwandu, kuma sai da ya sha zarya kafin a ba shi ita. Ta haifa masa ɗa namiji aka sa masa suna Umaru, ta rasu ana shirin yaye shi. Ɗan fari dama na kakanni ne, uba ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa, ba ya ma nuna ya san da shi, balle ga maraici ya zo ya ƙara. Dangin uwa suka riƙe yaron, Bawa ya bi aikin hanya, inda ta yi nan ya yi, har ta ajiye shi a Kalgo. Ya sake aure bai samu haihuwa ba, auren ma bai zauna ba. Jefi-jefi yakan je Ceberu da 'yar riga da goro, amma da an ce ga shi nan sai yaron ya ɓace bayan rumbu ko ya bi shanu daji. Dugadugan ɗansa ya fi sani da fuskarsa.

Yau ga fuskar nan a gabansa, har da gemu ya fara tsirowa. Umaru ya ja da baya, ya durƙusa, ya kau da kai gefe ya yi gaisuwa can ƙasa-ƙasa. Bawa ya amsa yana kallon wani gawo da ke gefen hanya, kai ka ce itacen ne ya gaishe shi. Daga nan ya wuce ga na gaba ya daka masa tsawa ba laifin tsaye ba na zaune. Cikin tsofaffin leburori babu wanda ya gane komai, 'yan Ceberu da suka sani kuwa suka yi gum.

Zafin bazarar Kalgo ba abin wasa ba ne, kuma Bawa ya san shi ciki da bai. Tun hantsi diga take ƙin taɓuwa, iskar da ke kaɗawa ta fi rashinta muni. Ramin da ake haƙar marmara ya fi ko'ina, don ƙasa na turo zafi daga ƙasa, rana na dukan mutum daga sama, iska ba ta shiga. A shekarunsa na aiki ya ga ƙarti sun faɗi a irin wannan rami. Ya san yadda abin ke farawa: gumi ya ɗauke, jiki ya bushe ya yi zafi, mutum ya fara sambatu yana kiran mutanen da ba sa nan. Waɗansu sun tashi, waɗansu a gefen hanya aka yi musu sutura. A da yakan ce kwana ne ya ƙare, ya sa wani ya ɗauki digar.

Umaru kuwa ramin ya zaɓa da kansa, saboda shi ne ya fi nisa da inda helma ke tsayawa. Makiyayi ne, ya saba da rana, amma ranar mai tafiya bayan shanu daban take da ta mai sara dutse a rami. Ga shi da zuciya, ba ya yarda wani ya fi shi cika kwano. Bawa yakan tsaya a kan tulin marmara yana zagin wani can daban, alhali wutsiyar idonsa na kan dogon wuyan nan da ke sheƙi da gumi. Kalma biyu kawai yake so ya faɗa, ya ce huta, ya ce sha ruwa. Helma na iya faɗa wa kowa haka a duniya, ban da mutum ɗaya.

Da ya rasa yadda zai yi da mutum ɗaya, sai ya yi wa kowa. Ya sa aka sari itace aka kafa doguwar rumfa a gindin gawon nan, aka rufe ta da zana. Ya ce daga yau da an idar da sallar asuba za a kama aiki, in inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa a ajiye diga, ba mai ɗauka sai rana ta karya. Ya shiga kasuwar Kalgo ya kwaso malafa ya raba, ya ce duk wanda ya gani da kai a buɗe zai gamu da shi. Ya ware jakai biyu ba su da aiki sai jigilar ruwa daga rijiyar cikin gari. Sa'an nan ya nemo Delu, wata dattijuwa mai sayar wa leburori fura, ya ba ta kula da randuna. Ita ta binne gindinsu a jiƙaƙƙen rairayi, ta riƙa jefa tsamiya da ɗan gishiri a ɗaya daga ciki, wai ya fi tsayawa a jiki.

Leburori suka yi ta kallon juna. Wani ya ce ko Helma ya yi mafarkin kabarinsa ne, wani ya ce a sha kawai kafin ya farka. Ba su san albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko ba. Malam Sambo mai duba aiki ya zo a kan kekensa da tsakar rana ya tarar da ƙarti a miƙe cikin inuwa, ya tambaya ko an yi sallar idi ne bai ji ba. Bawa ya ce masa awon da aka yanka zai cika, in bai cika ba a cire shi. Malam Sambo ya duba ya ga aiki na tafiya, shi ma ya sha moɗa biyu ya hau kekensa.

Da a nan Bawa ya tsaya da ya yi abin kirki ya huta. Amma akwai abin da ke cin sa wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da aka haifi yaron nan ko lomar tuwo bai taɓa sa masa a hannu ba. Wasu suka goya, wasu suka ciyar, wasu suka yi jinya lokacin ƙyanda, shi sai labari. Yanzu Allah ya kawo hanya: helma ya miƙa wa lebura ruwa, wa zai ce uba ne ya yi wa ɗan fari rashin kunya? Saboda haka ya kife kwanon sarki a gindin randa ya zauna a kai, ya karɓe moɗar daga hannun Delu, ya ce shi zai riƙa ba kowa da hannunsa don ya tabbata an sha. Sau ɗaya tak yake so yatsun nan su karɓi abu daga nasa.

Kullum da an ajiye diga sai a yi layi. Bawa ya ɗebo ya miƙa, ya ɗebo ya miƙa, idonsa na can ƙarshen layi. Kullum layi ya ƙare ba dogon wuya. Umaru yakan zauna can bakin rumfa inda inuwa ke ƙarewa, ya ba da baya, ya rufe fuska da malafa. Bawa ya ce a ransa ko tsamiyar ce ba ya so, ya sa aka ware randar farin ruwa. Shiru. Ya ce ai goyon Fulani ne, ya sa Delu ta dama fura da nono mai yawa ya ce sadaka ce kowa ya zo. Ƙarti suka wawashe har da sake layi, wanda aka yi dominsa ko waiwayowa bai yi ba.

Sai zuciya ta fara raya masa abin da ya fi tsoro. Yaron nan fushi yake. Ya ƙi ruwan ne saboda hannun da ke miƙawa, hannun da ya bar shi a Ceberu ya bi hanya. In Bawa ya koma masaukinsa da la'asar sakaliya yakan zauna a ƙofar ɗaki ya yi ta tuna Rahmatu, yadda take dawowa daga tallan nono da ƙwarya a kafaɗa, yadda ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba har ta koma ga Allah. Kewarta da ya ɗauka ta mutu tuntuni ta dawo masa sabuwa. Shekara da shekaru yana cikin leburori, inda Bahaushe da Bazabarme da Ba'are ke tsoma hannu a kwano ɗaya ba mai jin nauyin wani, har ya manta irin gidan da ya bar ɗansa a ciki.

Wata rana ya lura da an yi nisa da hutu sai Umaru ya sulale ya gangara fadama. Ya sa ido, ya gano akwai wata tsohuwar rijiyar makiyaya a can, ruwanta ya yi kore, awaki ma da ƙyar suke sha. Wato wannan ƙazamin ruwan ya fi masa na hannun ubansa. Ran Bawa ya ɓaci. Ya tara mutane ya ce ruwan fadama na sa gudawa, kuma gaskiya ne yana sawa, ya sa aka tura ƙaya aka rufe bakin rijiyar. Ya ce ruwa a rumfa yake, a gabansa za a sha. Da ya ga wani ɗan Ceberu ya nufi rami da gora a ɓoye cikin riga, ya ƙwace ya tuttular, a zatonsa na fadamar ne, alhali na randa ne za a kai wa Umaru. Ya gaya wa kansa lafiyar mutane yake karewa. A ƙasan ransa kuwa cewa yake, ƙishirwa za ta kawo shi.

Ba ta kawo shi ba. Kwana biyu Umaru na wuni a kan abin da ya sha da asuba. A na ukun gari ya tashi da wani irin zafi mai nauyi, sama ta yi fari fat, ko tsuntsu ba ya motsi. Tun kafin lokacin hutu Bawa ya ce a ajiye aiki. Ana cikin layi sai aka ji hayaniya daga rami, aka ga mutum huɗu sun fito ɗauke da wani, ƙafafunsa na reto. Tun daga nesa Bawa ya gane dugadugan.

Aka shimfiɗa shi a rumfa. Jikinsa ya bushe ƙayau, zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu, leɓɓansa sun tsage, yana kiran sunayen shanu. Bawa ya san abin yi, bakinsa ya yi ta ba da umarni shi kansa bai san yana yi ba: a cire masa riga, a jiƙa zane a lulluɓa, a zuba ruwa a ka da hammata, a yi fifita da malafa, saura su ja baya iska ta shigo. Can yaron ya yi ajiyar zuciya, idanunsa suka buɗe. Bawa ya durƙusa, ya tallafo ƙeyarsa da hannun hagu, karo na farko ke nan da fatarsa ta taɓa ta ɗansa, ya kai moɗa bakinsa. Umaru ya buɗe leɓe zai kurɓa, sai idonsa ya sauka a kan fuskar mai ba shi. Ya rufe baki, ya kau da kai. Ruwan ya bi gefen kumatunsa ya zube a ƙasa.

Bawa ya sake kai moɗar. Yaron ya datse haƙora. Delu na tsaye tana kallon fuskar Helma, ta dubi fuskar na kwance, ta dubi 'yan Ceberu da suka sunkuyar da kai. Ta tambayi ɗayansu a hankali mene ne tsakanin mutanen nan biyu, ya gaya mata cikin raɗa. Ta yi salati, ta sunkuya ta fizge moɗar.

"Tashi nan, Helma," in ji ta. "Tashi ka ba mu wuri."

Ya ɗago ya dube ta kamar bai ji Hausa ba. Ya ce, "Ƙina shikai, Delu. Ko mutuwa za shi yi, ba shi amsa ga hannuna."

"Wane irin ƙi? Yaron ga hannun Hillani yat tashi. Ɗan hwari na, ba shi haɗe ko miyau gaban ubanai, balle ruwa. Girma na shika ba ka. Kai ko kaz zo kad dasa kanka bakin randa, kak koma kar ruhe mai rijiya. To ina kaka so shi sha? Tahi inda ba shi ganin ka, in kana son shi da rai."

Bawa Helma, wanda ba a taɓa ce wa tashi ba a bakin aikinsa, ya zare hannunsa daga ƙarƙashin kan ɗansa a hankali, ya ajiye shi a kan zane. Ya miƙe ya fita rana ko malafa bai ɗauka ba, ya zagaya bayan tulin marmara ya tsaya ya ba rumfar baya. Daga nan yana jin komai. Ya ji moɗa ta bugi bakin randa. Ya ji Delu na cewa sannu, kaɗan-kaɗan, kada ka ƙware. Ya ji tari, sa'an nan ya ji maƙogwaro na haɗiya, yana haɗiya. Wuyansa ya yi ta son juyawa, ya hana shi. Murna da baƙin ciki suka cika masa ƙirji lokaci ɗaya, don ya gane ba ƙinsa ake ba, ya kuma gane abin da yake nema ba zai taɓa samu ba.

Umaru ya yi 'yan kwanaki a kwance a gidan Delu, ya tashi ya koma aiki, aka mai da shi wajen baza marmara inda iska ke kaɗawa. Rumfa na nan, hutu na nan, moɗa ta koma hannun mai ita. Abu ɗaya ya sake. Da an ajiye diga sai Helma ya ce zai je duba aikin gaba, ya bi hanya shi kaɗai har sai rumfar ta ɓace masa, ya zauna a gindin wata sabara da inuwarta ba ta isa rufe akuya ba. Nan yake cinye zafin rana, shi da ya kafa wa kowa inuwa. In ya dawo ba ya tambayar kowa komai sai Delu, ita ma a kaikaice, ya ce ko mutane sun sha. Takan ce sun sha, har sun ƙara. Da wannan yake kwana.

Ana sauran 'yan kwanaki a ga watan azumi hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutanen ƙasar Gwandu suka ce gonaki na kira. Aka sallame su, za su kama hanya da rana ta yi sanyi. A wannan rana ma Bawa ya tafi gindin sabararsa, ya zauna yana kallon hanyar da ya gina tana rawa cikin zafi. Ya san yau ce ta ƙarshe, kuma da ya so da ya zauna a rumfa ya ƙare wa yaron kallo. Amma tafiya ce mai nisa a gabansu, gara yaron ya sha ya ƙoshi.

Sai ya ji taku a bayansa, takun mai dogayen ƙafafu da ya saba bin shanu. Bai juya ba. Takun ya tsaya, aka durƙusa, aka turo wata ƙwarya a hankali har ta taɓa gefen ƙafarsa. Ruwan randa ne, da sanyinsa, ko ɗigo bai zube ba duk nisan nan.

"Rana ta yi zahi," in ji muryar, can ƙasa, kamar da sabarar ake magana. "A sha ruwa."

Abin da Bawa ke son faɗa ya fi hanyar Kalgo zuwa Gwandu tsawo. Yana so ya tambaya ko an yi masa mata, ko shanun kawunsa sun kai bana lafiya, ko har yanzu ana gane kabarin uwarsa. Yana so ya ce ka dawo baɗi, ko da ba za mu haɗa ido ba. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne a gai da mutanen gida. Aka amsa da to, za su ji.

Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai. Yana sha a hankali, yana ja, don ya san muddin bai gama ba mai jiran ƙwaryar na nan durƙushe a bayansa. Ƙishirwa ta daɗe da kwanciya, cikinsa ya cika, bai sauke ba. Ya yi ta kurɓa kaɗan-kaɗan yana sauraron numfashin ɗansa, har ruwan ya ƙare.